Ni Na Riƙe Masa Tsanin

Ku matso kusa, 'yan'uwana, yau ba ni da muryar ɗagawa. Masu tambayata ina Giwon saurayina, me ya sa na daina sa hoton kofin shayi biyu, duk na ga saƙonninku. Wata ma ta rubuto cewa jikinta ya ba ta an sa mana rana, ɓoyewa nake yi. Ke dai 'yar'uwa, da ma jikinki ya faɗa miki gaskiya. Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Sulbi, shekarata ashirin da takwas, a wani ƙauye na kudancin tsibirin Jeju, a Koriya, aka haife ni, nan nake tsinkar lemo tare da mahaifiyata. Idan kun ji bakina kamar na tsohuwa kada ku yi mamaki, a cinyar kakata na koyi magana.

A zaune nake kan kwandon lemo da na kifa a lambun da ke bayan ɗakunanmu. Rigar sanyin Halmang, kakata, ce a jikina, mai jajayen furanni, wadda har yanzu take ƙamshin man zafi da busasshen kifi. Yatsuna sun ƙage, amma zan rubuta, don idan na tashi daga nan ban san ko zan sake iya faɗa ba.

Gidanmu gida biyu ne a katanga ɗaya, kamar na kowa. Ni da Omong, mahaifiyata, muna babban, Halmang, uwar mahaifina, tana ƙaramin da ke baya, da tukunyarta da murhunta. Shekara goma sha tara da rasuwar mahaifina, ban taɓa ganin ta miƙe ƙafa a falonmu ba. Iyakarta ta shigo ta dire kwanon miya, ta ce yawa ta yi mata, ba don mu ta dafa ba, ta juya. Tsakanin gidajen biyu akwai igiyar shanya, da kunyoyin kabeji, da itatuwan lemo bakwai. Sai tsohon masai a kusurwa, na baƙin dutse, tun zamanin da ake ajiye alade a ƙarƙashinsa. An daina shigarsa kafin a haife ni, amma ba wanda ya taɓa ɗauke masa ko tsakuwa.

Gidan a kwari yake, itatuwan tare iska sun yi masa zobe, bangon kuma na dutse ne, kaurinsa ya kai kamu guda. Da ka fita ta ƙofar kicin, wayarka ta zama dutse ita ma. Sabis babu ko ɗigo, waifai ɗin falo kuwa iyakarsa bakin firji. Don haka duk hirar da na yi da Giwon wata takwas, a falo na yi ta, Omong tana gefe tana ɓarar tafarnuwa. Ba ta sa baki. Sai dai idan na yi dariya ta ce, kanta a sunkuye, “Mutanen ƙetare akwai ban dariya.”

Giwon ɗan ƙetare ne, wato ɗan babbar ƙasa da ke tsallaken teku, daga Gimcheon. Aiki ya kawo shi tsibiri, yana bi rumfunan leda na manoma yana sa musu na'urar auna zafi. Dogo ne, kunnuwansa kan yi ja idan ya ji kunya, kuma ba ya iya cin abu mai kyau bai rage mini ba. Omong ba ta taɓa cewa ba ta son sa ba. Abin da ta yi ya fi haka ciwo. Sau huɗu ya zo gidanmu, sau huɗu ta ba shi lemo. Lemo fa, a Jeju, cikin hunturu, abin da ko mai kawo wasiƙa ana cusa masa a aljihu. Ba ta taɓa ajiye masa cokali a kan tebur ba. Ni na san abin da take tsoro. Ta ga 'ya'yan maƙwabta da suka bi miji ƙetare, suka koma masu zuwa sau biyu a shekara da akwatin kyauta.

Farkon Janairu ya gaya mini wurin aikinsu za su tura shi Daejeon wata uku, ranar ashirin ga wata zai tafi. Kun san abin da ya fara faɗo mini a rai? Ba kewarsa ba. Wata uku ina magana da shi a gaban tafarnuwar Omong, shi na hango. Ina son wurin da zan ce masa na yi kewarsa da muryata ta gaske, ba da muryar karanta labarai ba.

Sai na nemo dalili mai kyau. Halmang tana da ƙanwa a Osaka ta Japan, Okhwa, wadda aka tafi da ita tun tana budurwa. Shekara tara ba su ga fuskar juna ba, sai murya a tsohuwar wayar gida, kuma Halmang ba za ta zo falon surukarta ta zauna gaban allo ba ko za a yanka ta. Na ce wa Giwon ina son waifai ya kai ɗakinta. Maganar gaskiya ce, amma ba ita ce dalilina ba. Shi kuwa har idonsa ya kawo ruwa, ya ce ni mai kirki ce.

Ya fara kawo wani ƙaramin akwati da ake sokawa a soket. Bai yi ba, layi ɗaya ne ke leƙowa ya gudu. Ya yi ta zaga lambun da waya a sama kamar mai duba hadari, sannan ya ce bangon nan sai kebul. Zai ɗauko shi daga akwatin falo, ya huda bangon kicin ta bayan kantar kwanuka, ya bi da shi jikin igiyar shanya, ya kai shi ga wani farin akwati da aka yi don zaman waje. Kebul ɗin shi zai kai wuta, shi zai kai intanet. Wuri mafi tsawo kuma, wanda ke kallon tagar Halmang da itatuwan lemo gaba ɗaya, shi ne ginshiƙin tsohon masai.

Da yamma ya turo mini saƙo. Yana nan a wayata, ban goge ba.

“Wani abokin aikina ya ce a nan ba a huda bango sai wani mako na musamman. Da gaske ne, ko tsokanata yake?”

Na san amsar kamar sunana. Singugan yake nufi, kwana takwas ɗin nan na ƙarshen Janairu da masu tsaron gida waɗanda ba a gani suke hawa sama su ba da labarin shekara, masu canjinsu kuma ba su sauko ba tukuna. Lokacin ne gida ba shi da mai ido a kansa, sai a yi ƙaura, a huda, a rushe, a gyara masai. Wanda ya taɓa a wani lokacin, dongti, fushin masu tsaron, ya kama gidan, wani ya kwanta ciwo. Akwai kuma wadda ta fi wannan. Mai Murhu da Mai Masai gaba ce tsakaninsu tun farkon duniya, ko tsinke ba a ɗaukowa daga wurin ɗaya a kai wa ɗaya. Ina shekara shida na ɗauko wani dutse mai sheƙi daga jikin masan na shiga da shi kicin, Halmang ta bi ni da takalmi har bakin titi, ta dawo ta wanke dokin ƙofa da gishiri. Ga shi yanzu za a ɗaure su biyun da igiya ɗaya.

Amma Singugan sai ashirin da biyar ga wata. Shi kuwa ashirin zai tafi.

Na rubuta masa, “Zancen tsofaffi ne, Oppa. Yanzu wa ke bin wannan?” Oppa, haka budurwa ke kiran saurayinta a nan. Na haɗa da hoton zomo yana birgima don dariya.

Ya ce, “Mu dai tambayi Omonim.” Haka yake kiran Omong don girmamawa.

Na ce, “Na tambaye ta. Ta ce to.”

Omong tana gefena lokacin da na rubuta wannan, ɓawon tafarnuwa a cinyarta. Da na miƙa hannu da na taɓa ta.

Ranar sha uku ga wata akwai bikin aure a Seogwipo, na 'yar wani ɗan'uwan mahaifina. Halmang ta sa kwat ɗinta mai ruwan makuba, Omong ta shafa jan bakin da take fito da shi sau biyu a shekara, suka hau motar safe. Ni na ce kaina ke ciwo. Ƙarfe goma Giwon ya iso da jakarsa. Na ciro makullin ɗakin ajiyar lemo daga wuyana, na fito masa da tsani.

Ni na riƙe masa shi. Ina so ku riƙe wannan, don duk labarin a nan yake. Hannuwana biyu a kan ƙarfen mai sanyi, shi a sama cikin rigar aikinsa mai ruwan toka, ƙusoshi a baki, yana magana ta hanci yana ba ni dariya. Da ya sa injin huda a bangon kicin na ji ƙarar har cikin haƙorana, baƙar ƙura ta zubo kan marfin tukunya, na goge da gefen rigata da sauri kamar ana kallona. Da muka zo ginshiƙin masai ya tsaya, ya dube ni daga sama, ya ce duwatsun nan sun tsufa, na tabbata ba komai? Na ce ya yi sauri kafin sanyi ya kashe ni.

Rami biyu ya huda. Ya ɗaura farin akwatin a inda reshen lemo ya rufe shi, ya bi igiyar shanya da baƙin kebul siriri yana ɗaurewa, sai ka ce tare aka saye su. Wata 'yar koriyar fitila ta kama. Na duba wayata, layuka sun cika fal, a wurin da tun haihuwata ba ta taɓa motsi ba.

Ya tafi can ƙarshen lambun, taku goma tsakaninmu, ya kira ni ta bidiyo. Ina ganinsa da idona, ina ganinsa a allo. Ya ce, “Malama Sulbi, kina ji na? Yanzu duk inda kika tsaya a gidan nan zan same ki.” Kunnuwansa sun yi ja. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan safiya ba, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, ban tuna da Mai Murhu ko Mai Masai ba.

Washegari na kai wa Halmang tsohon allon kwamfutar hannu da na daina amfani da shi, na jingina mata a jikin tulun shinkafa. Ta tambaye ni ta yaya abin ya iso ɗakinta. Na ce iska ce ke kawo shi. Ta ce to, Jeju dai ba ta rasa iska ba. Da fuskar Okhwa ta fito, su biyun suka ƙura wa juna ido har na zaci abin ya tsaya. Sai Halmang ta matsa hancinta kusa da allon.

“Wace tsohuwa ce wannan? Ku kira mini ƙanwata.”

Okhwa ta ce, “Ke babu madubi a gidanku? Ina sauran haƙoranki?”

“Na ba ki aro da za ki tafi, ba ki dawo da su ba.”

Suka yi ta yi har shinkafar Halmang ta kama. Ta nuna mata tukunyarta, da bargonta, da ƙafarta mai kumburi, har da ni, ta ce ga gwauruwar gidan, wani dogo ɗan ƙetare yana zarya a kanta amma uwarta lemo kawai take ba shi. Na fita na tsaya jikin bango ina dariya ina share hawaye. Na ce a raina, ai ga shi abin ya zama alheri.

Kwana uku da sa kebul ɗin, da sassafe, Omong ta fita yankan kabeji ta tarar da Halmang a kwance a ƙasa, kwandonta a gefe, taku biyu daga tsohon masai. Idonta a buɗe, bakinta ya karkace.

Likita ya ce jijiya ce ta toshe a ƙwaƙwalwa, ga sanyin asuba, ga hawan jini. Da na koma ɗauko mata kaya na tarar da ƙwayoyin maganinta na kusan wata guda a ƙarƙashin tabarma, ba ta sha ba. Da kunnena na ji likita, da hannuna na tsince ƙwayoyin. Ku riƙe wannan ma.

Washegari maƙwabta suka cika tsakar gida, kowa da kwanonta. Samcun Deoksun, kamar a ce Gwaggo Deoksun, wadda katangarmu ɗaya da ita kuma ba abin da ke wuce idonta, ta ce bari ta kwashe mana shanya kafin ruwa. Ina kallonta ta taga. Ta ciro zani ɗaya, ta ciro na biyu, sai hannunta ya tsaya. Ta bi kebul ɗin da yatsa, a hankali, har bangon kicin. Ta juyo ta bi shi har ginshiƙin masai, ta ɗaga reshen lemo. Koriyar fitilar tana ta ƙyaftawa abinta.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta dai tambaya, yadda kowa zai ji, wane mara uwa ne ya ɗaure kicin da masai, kuma saura kwana takwas Singugan.

Nan take zancen likita ya mutu. Wata ta tuno mutumin da ya gyara rufin masai a watan biyar ya makance. Wata ta ce ai shi ya sa a daidai wurin tsohuwa ta faɗi. Wata ta ce ba sai an tambaya ba, gidan nan namiji ɗaya ke shigowa da jakar ƙarafa. Omong ta dube ni, ta ce in kira shi ya zo gobe.

Ya zo cikin baƙin kwat ɗin da muka zaɓa tare, wanda ya saya don ranar da iyayensa za su zo gaisuwa. Takardar shago ma bai gama cirewa daga hannun rigar ba. Ya ajiye akwatin kayan marmari a bakin ƙofa, ya durƙusa a tsakiyar falo. Omong tana zaune cikin kayan gonarta masu ruwan ƙasa, Samcun Deoksun a gefenta kamar alƙali na biyu. Ni ina tsaye jikin firji.

Omong ta tambaye shi ko shi ya huda. Ya ce shi ne. Ta tambaye shi ko ya san ba a yi. Wayarsa tana aljihun ƙirjinsa, ina ganin shacinta, kuma a cikinta akwai zomona yana birgima, akwai “Na tambaye ta. Ta ce to.” Ciro ta kawai zai yi.

Ya ce, “Na ji labarin al'adar, Omonim. Ban ba ta nauyinta ba.”

Sai Omong ta juyo gare ni.

“Sulbi, ke kina ina ranar?”

'Yan'uwana, na sha karanta labarin mata masu ƙarfin hali ina cewa ni ma haka zan yi. Amma na ga idon Samcun Deoksun, na ga gobe a wurin tantance lemo, na ga jibi a kasuwa, na ji ana cewa jikar da aka goya ita ta kwantar da kakarta don ta samu wurin hira da saurayi. Shi zai hau jirgi. Ni a nan zan tsufa. Duk wannan ya wuce ta kaina kafin numfashi ɗaya.

Na ce, “Ina gona. Da na dawo na tarar ya gama.”

Bai dubi fuskata ba. Hannuwana ya duba, waɗanda suka riƙe masa tsani. Sannan ya sa goshinsa a ƙasa, ya ce laifinsa ne, a yafe masa, zai cire yanzu yanzu. Samcun Deoksun ta ce kada ya kuskura, wanda ya taka wuta ba ya komawa ya sake takawa don ya gyara, ba mai taɓa abin nan sai masu gida sun hau sama. Ya miƙe. A bakin ƙofa Omong ta miƙa masa ledar lemo. Ya karɓa da hannu biyu.

Ban raka shi mota ba. Na ji tashinta daga jikin firji.

Tun daga ranar, da safe in bi Omong asibiti, da rana in dawo in zauna a kan kwandon nan. Ɓarin jikin Halmang na dama ya mutu. Idan na ba ta kunu rabi ke komawa kan haɓarta, kuma kalma ɗaya ce ke fita daga bakinta, sunan ƙanwarta. A nan lambu kuwa layuka cike fal, babu mai ɓarar tafarnuwa, babu mai jin muryata. Abin da na nema ke nan, an ba ni shi cikakke.

Na rubuta, “Oppa, ka isa lafiya?” Ya karanta. Na rubuta, “An ce ana dusar ƙanƙara a Daejeon, ka sa safar da na saya maka.” Ya karanta. Na rubuta, “Ka yi haƙuri,” na goge, na sake rubutawa, na tura. Ya karanta. Kowace rana ƙarfe huɗu allon da ke ɗakin Halmang sai ya yi ta ƙara, Okhwa ce, ni kuma in zauna ina ji har ya gaji. Omong ta gaya mata ta wayar gida cewa yayarta mura take yi.

Jiya da la'asar amsarsa ta zo. Na karanta ta sau nawa, ban ƙirga ba.

“Na duba, gobe ake shiga Singugan. Ku yanke daga wajen ginshiƙi tukuna, ba wutar da za ta kama mutum. Ban ji haushin Omonim ba, ko matar nan. Su sun yarda da abin da suke faɗa. Ke ce kika ce mini zancen tsofaffi ne. Ba ki yarda da shi ba, Sulbi, kuma kika bar ni a durƙushe dominsa.”

Ba “Malama Sulbi”, ba zomo, ba komai.

Yau da safe ƙauyen ya tashi da ƙarar guduma ta ko'ina. Motocin ƙaura suna wucewa da katifu a sama, gidan Samcun Deoksun ana sauke tsohuwar taga. Masu gida sun hau sama, kowa yana rige-rigen gama abin da ya jira shekara guda. Omong ta watsa gishiri a gindin ginshiƙin, ta miƙo mini filaya, ta ce in ɗauko tsani. Na ɗauko. Na hau. Ita ta riƙe mini.

Daga sama na ga tsakiyar kanta, furfurar da rini bai kama ba, da hannuwanta biyu a kan ƙarfen, daidai inda nawa suka zauna. Farin akwatin yana gaban fuskata. Ya ɗaure kowane ƙulli da kyau, ya naɗe bakin kebul da leda don kada ruwa ya shiga, har ya rubuta kwanan wata a gefe da ƙaramin rubutunsa. Aikin mutumin da ya zaci zai daɗe yana zuwa gidan.

Ban shirya ba, bakina ne ya buɗe.

“Omong, ranar nan ba gona na je ba. Ni na riƙe masa tsanin. Ya ce a tambaye ki, na ce masa kin yarda.”

Na jira ta saki tsanin, ko ta yi kuka, ko ta zage ni da zagin da ya dace da ni. Ba ta ko ɗago ba.

“Na sani.”

Na ce me ta sani.

“Tsanin nan a ɗakin lemo yake kwana. Makullin guda ɗaya ne, kuma a wuyanki yake.”

Na tambaye ta, to me ya sa ta tambaye ni a gabansa, tunda ta sani. Ta ce ita ba ta san yaron ba, ni ta sani. Ta ce mace ba ta barin uwarta da ƙasarta ta bi namiji ƙetare sai idan za ta iya tsayawa kusa da shi ranar da kowa ya juya masa baya, in ba haka ba wahala kawai za ta je sha, ta shayar da shi. Ta ce shi ta ga nasa, wayarsa tana aljihu bai ciro ba.

“Da kin ce ke ce, da na mare ki a gaban Deoksun, na tashi na ɗora masa shinkafa. Kifin ma na saya tun safe. Yana nan a firji.”

Na ce, to yanzu da aka shiga Singugan, ba za a iya sake ja ta wata hanya ba, ta bangon falo, a kafa sanda daban, don idan Halmang ta dawo ta riƙa ganin Okhwa?

Ta ce, “Wa zai sa?”

Sannan ta ce in yanke, hannunta ya gaji, motar asibiti ƙarfe tara ce.

Na yanke. Bai yi wuya ba, kamar yanke reshen lemo ne. Koriyar fitilar ta mutu. Omong ta naɗe kebul ɗin a gwiwar hannunta, ta fitar da shi bayan katanga, ta toshe ramin kicin da tsumma, ta wanke hannu ta tafi. Ba ta ce in biyo ta ba.

Na zauna a kan kwandon nan na rubuta masa, “Oppa, na gaya wa Omong ni ce. Ta ce ta sani.” Na danna turawa, na manta da abin da hannuna ya gama yi yanzu. Saƙon yana nan a rataye, wata 'yar da'ira tana ta juyawa a gefensa. Ba zai tafi daga lambun nan ba. Zai tafi ne da zarar na shiga kicin na wuce bakin firji.

Tun safe nake kallonsa. Gaskiyar da aka faɗa bayan mako guda, a kan tsani, ga wadda ta riga ta sani, ba Samcun Deoksun, ba shi, ba kowa, ban san me za ta saya mini a wurinsa ba. Wataƙila ya karanta ya yi shiru. Wataƙila ya amsa, kuma amsar ce nake tsoro fiye da shirun. Muddin ina zaune a nan, bai ce a'a ba tukuna.

Rana ta juya, inuwar ginshiƙin ta iso ƙafata. Taku goma sha biyu ne zuwa ƙofar kicin, na ƙirga su da ido. Wannan rubutun ma da nake muku, hanyarsa ɗaya da saƙon. Idan har ya iso gare ku, to na tashi, na wuce firjin da kifinsa ke ciki.